Dokokin Orest Uku

Duk garinmu Stenko babu wanda ya kai Orest Pasloski sanin hokin ƙanƙara, wasan nan da ake zamewa a kan ƙanƙara ana tura ɗan baƙin faifan roba cikin raga da sanda. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma yana maimaitawa kullum da safe a shagon kofi na bakin fili, an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. A cewarsa saura ƙiris ƙwararru su ɗauke shi yana ɗan shekara goma sha tara. Ni ina wurin ranar da abin ya faru. Mai neman 'yan wasa ne ya tsayar da mota ya tambaye shi hanyar Yorkton.

Abu ɗaya ne ba a yi masa musu a kai, shi ne usur. Shekara ashirin da biyu shi ke alƙalancin wasan tsofaffi da muke yi kowace Fabrairu tsakanin Arewacin Dogo da Kudancin Dogo, wato mu da ke gaban layin jirgi da waɗanda ke bayansa. Usur ɗin na tagulla ne, gadon mahaifinsa, an naɗe bakinsa da baƙin tef tun zamanin tsohon. Orest yana rataye da shi har coci. In ka taɓa masa mota zai yafe, in ka taɓa usur ɗin nan kun ɓata sai baɗi.

Wata Litinin da safe, bayan wasan ƙwararru na talabijin ya tashi ɗaya da nema, Orest ya shigo shago yana kaɗe dusar ƙanƙara daga kafaɗa.

"Wasan nan ya mutu," in ji shi. "Awa uku ina zaune, ci ɗaya tak! Shi ma na je ban ɗaki aka ci."

Lorne Dyck, kyaftin ɗin Arewa, ƙaton manomin alkama, bai ko ɗago daga kofinsa ba. "A bar wasa yadda muka tarar da shi. In ba ka ganin faifan ka sayi tabarau."

"Ni dai a cire duba bidiyon nan," in ji Wasyl Boyko, kyaftin ɗin Kudu, wanda ke auren ƙanwar Lorne. "A ci, ka yi tsalle, ka zubar da kofi a wando, sai a ce zauna tukuna za a duba."

"Kai da ba ka taɓa ci ba, me ya dame ka da dubawa, suruki?"

"Na ci a shekarar ambaliya."

"A ragarku ka ci."

Waɗannan biyun kowace shekara sai sun zubar da safar hannu sun dambace a zango na biyu. Rabin garin faɗan nan suke zuwa gani. Matansu ma sun daina tashi daga kujera.

Orest ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya buga a tebur. Dokoki uku, ya ce, da su za a ceci hoki daga nan har Finland. Ta ɗaya: a faɗaɗa raga ninki biyu, a riƙa ci. Ta biyu: a daina baƙin faifai, a yi masa fenti ruwan lemo, kowa ya gani. Ta uku: duk mai son faɗa sai ya zauna ya kwance takalmin ƙanƙararsa tukuna. Kafin ya gama warware igiya zuciya ta huce.

"Wasiƙa bakwai na rubuta wa manyan hukumar hoki can sama," in ji shi. "Shiru. Tsoro suke ji."

To ni, Merv, mai gyaran tarakta, ina da wata cuta tun ina yaro: in na ga mutum ya hau tsani sai hannuna ya yi ƙaiƙayin girgiza tsanin. Kuma ga shi ɗan kawun matata, Arvid Solheim, likitan haƙori ne a birnin Regina, zai zo mana hutun ƙarshen mako. Dogon mutum, doguwar baƙar kwat, ba ya dariya, ko ina ya je da ɗan littafi a hannu.

Na matsa kusa da kunnen Orest. "Kada ka ce ni na gaya maka. Wasiƙarka ta bakwai ta isa. Za su turo mutum ranar Asabar, a ɓoye. In ka ga baƙuwar fuska da doguwar kwat tana rubuce-rubuce, kada ka nuna ka gane."

Orest ya miƙe zaune, ya gyara kwalar rigarsa. Na san ya ƙara hawa tsanin.

Matsalar ita ce sai kwamitin fili ya yarda, shugabar kwamitin kuma matarsa ce, Stella, wadda ke tsaye bayan kanta tana soya dankali tana jin komai. Stella ce kaɗai a garin ke da takardar shaidar alƙalancin wasa ta gaske. Orest sau biyu ya zauna jarrabawar, sau biyu yana gyara wa masu tambaya tambayarsu.

"Na yarda," in ji ta, tana juya dankali. "Ka gwada dokokinka. In wasa ya kai ƙarshen zango na uku lafiya, ni da kaina zan buga maka wasiƙa ta takwas. In ya watse a hanya, ka miƙo min usur a gaban jama'a."

"Usur ɗin babana?"

"Shi. Ni ma surukina ne, kuma ya fi so na."

"Ku shaida!" in ji Orest. "Duk ku shaida. Wannan wasa sai an ba jikoki labarinsa."

Nan kam ya faɗi gaskiya.

Ranar Laraba ya kawo min ragogin na yi masa walda. Da muka gama, faɗin kowace ya isa ka shige da motar ɗaukar hatsi. Ranar Alhamis ya fente faifai dozin biyu. Fentin ya ƙi bushewa saboda sanyi, sai ya jera su a tiren burodin Stella ya tura cikin tanda. Yanzu ko jaririn da aka haifa jiya a Stenko ya san faifai a cikin bokitin dusar ƙanƙara ake ajiye shi kafin wasa, ya daskare, don ya riƙa zamewa a kwance. Na tuna masa.

"Tsohon yayi ke nan," in ji shi. "Ɗumi na sa fenti ya kama."

Ranar Juma'a ya zauna ya ɓare baƙin tef ɗin nan na bakin usur kaf, ya goge tagullar da gishiri da ruwan tsami har tana ɗaukar ido. Stella ta dube shi, ta dubi usur, ta ce, "Babanka ba don ado ya naɗa tef ɗin ba."

"Babana ba a taɓa turo masa baƙo daga sama ba."

Asabar ta zo da rana tarwai da sanyi ashirin da takwas ƙasa da sifili. Filinmu a waje yake, bayan rumbun alkama. Ƙarfe ɗaya na rana gari ya hallara, kowa ya ja hular ulu har gira. Na zaunar da Arvid a layin gaba. Orest ya zamo ta gabansa sau uku, da baya da baya, ƙafa ɗaya a sama, yana yi kamar bai gan shi ba. A na uku ya daki katangar fili.

Arvid ya ce min, "Wannan lafiyarsa ƙalau?"

"Murna yake. Ka dai riƙa rubutu."

Shi Arvid dama ba ya iya ganin buɗaɗɗen baki bai rubuta wani abu ba. 'Yan wasanmu kuma in ka haɗa haƙoran su ashirin ɗin da ƙyar ka cika baki shida.

Orest ya buɗe tukunyar da ya naɗe da tawul, ya ɗauko faifai mai ɗumi, ya hura usur, ya maida shi cikin riga, ya saki faifan. Faifan ya taɓa ƙanƙara ya yi tsalle kamar kwaɗo. Lorne ya kai masa sanda ya sami iska. Wasyl ya kai masa sanda ya sami Lorne. Faifan ya bi ta tsakanin ƙafafun mutum huɗu yana barin layin fenti a baya, ya daka tsalle na ƙarshe ya faɗa ragar Kudu ba wanda ya taɓa shi.

"Wa ya ci?" aka yi ihu daga benci.

"Tsari ne ya ci!" in ji Orest, yana satar kallon Arvid.

Golan Kudu tsoho Elmer ne, shekara saba'in da ɗaya. A tsohuwar raga in ya tsaya cak ya cika ta, aikinsa ke nan shekara talatin. Yanzu ya waiga dama ya ga fili, ya waiga hagu ya ga fili.

"Orest!" ya ƙwala. "Wannan raga ce ko garejin kwana-kwana? Ka ba ni keke mana!"

Da zarar faifai ya huce ya fara hankali, sai Orest ya ce fentin ya goge, ya sauya da sabo daga tukunya. Ɗaya ya tsallake katanga ya faɗa kwanon miyar da ƙungiyar matan coci ke sayarwa. Wani ya sami Wasyl a haɓa, ya buɗe baki zai yi zagi, Arvid ya leƙa ya yi rubutu da sauri. Orest ya ga rubutun ya bugi ƙirji.

Minti shida da farawa Lorne ya ci nasa na uku.

Shekara tara rabon da wani ya ci uku shi kaɗai a wasan nan. Kuma kowa ya san abin da ake yi: mutum ya ci uku, huluna su sauka a kan ƙanƙara. A Stenko kuma muna da ƙari a kai, ana kwashe hulunan da shebur a zuba a ganga, ba mai taɓa tasa sai an tashi wasa. In ka riƙe hularka a kai, har ka mutu sunanka marowaci. Duk 'yan Arewa muka cire muka jefa. Har da ni, ina ta dariya.

Minti biyu bayan haka wani ɗan Kudu ya ci uku. Hulunan Kudu suka sauka.

Sai wani ɗan Arewa kuma. Aka dubi juna. Ba hula. Aka kwance mayafan wuya aka jefa. Sai Wasyl, Wasyl ɗin nan da rabonsa da ci tun shekarar ambaliya, faifai ya buge shi a gwiwa ya shiga, ya buge shi a baya ya shiga, ya buge shi a kwalkwali ya shiga. Ya durƙusa yana kuka. Ba yadda za a yi a hana shi haƙƙinsa. Aka jefa safar hannu. Fada Myron ya riƙe hularsa ta gashin zomo da hannu biyu yana kallon sama, sai wata tsohuwa ta ce, "Fada, muna ganinka." Ya cire ya jefa, idonsa a rufe.

Zango na ɗaya ya ƙare sha bakwai da sha huɗu. Ƙanƙara ta koma kamar an yi ɓarin miyar kabewa. Mutum ɗari biyu na tsaye kai a buɗe, kunnuwa jajur, kowa ya cusa hannu a hammata. Dariyata ta tsaya tun tuni, don ni sanƙo ne.

"Orest, ka buɗe ganga!"

"Al'ada al'ada ce!" in ji shi. "Ni dokoki na zo gyarawa, ban zo taɓa al'ada ba."

Stella ta leƙo daga tagar shago. "Saura zango biyu, maigida. Mutanenka sun fara lallaɓawa."

Tsakanin zango da zango mukan kwarara ruwan zafi a fili, a jira minti goma sha biyar ya kama ya yi sumul. Orest ya ga layin baya na raguwa. Minti huɗu kawai ya jira. Ruwa na ta ƙyalli a sama ya kira 'yan wasa. Ya zo wucewa ta gabana leɓensa ya bushe ya tsage, na miƙa masa kofina ya kurɓa. Wannan kam na rantse tausayi ne, ba shiri ba.

"Me ya ce?" ya raɗa min, yana nuna Arvid da gira.

"Ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba."

Kuma haka Arvid ya ce.

Orest ya zaro usur daga cikin riga ya bar shi yana lilo a ƙirji, rana na dukan tagulla, don baƙo ya gani da kyau.

Ko minti ɗaya ba a yi ba Lorne ya ce wa Wasyl ci ukun nan ba nasa ba ne, na kwalkwalinsa ne. Safar hannu ta zuba. Waɗanda suka kama hanyar gida suka juyo da gudu.

"Doka ta uku!" Orest ya daka tsawa. "A kwance takalmi!"

Dattawa biyu suka zauna a kan ƙanƙara suna warware igiya da daskararrun yatsu. Sun fi minti biyar. Amma zuciya ba ta huce ba, don duk tsawon lokacin bakinsu bai tsaya ba.

"Ka yi sauri, suruki, ko sai na zo na kwance maka kamar ranar aurenka?"

"Ranar aurena kai ne ka yi kuka."

"Tausayin ƙanwata na ji!"

Suka miƙe da safar ulu a kan ruwan da bai gama kamawa ba. Suka tsaya suna hura hanci, suna naɗe hannun riga, suna zare wa juna ido kamar yadda suka saba kafin a fara. Lorne ya ce bari ya taka gaba. Ƙafa ta ƙi. Wasyl ya ja tasa. Ta ƙi. Safa ta kama ƙasa gam, taki biyu tsakaninsu.

"Matso mana in kai namiji ne!"

"Kai ka matso!"

"Da tuni na matso. Ƙanwarka ce ta saƙa min safar, ka san in ta riƙe abu ba ta saki."

Suka shiga kai wa iska naushi. Lorne ya kai wani mai ƙarfi ya tafi gaba kamar ƙofa, ya dawo. Jama'a suka manta da kunnuwa. Tsoho Elmer ya kwanta cikin garejinsa yana dukan ƙanƙara da sanda. Sauran 'yan wasa suka ga ba wanda ya hura usur, suka ci gaba da wasa suna kewaya su, aka ci biyu a lokacin.

Orest ya ga abu na neman ƙwacewa. Ya zamo zuwa tsakiyar fili, ya gyara tsayuwa yadda Arvid zai gan shi sosai, ya lashi leɓensa mai danshin kofi, ya ɗauki usur ɗin da ya yi minti goma yana shan iskar ashirin da takwas ƙasa da sifili, ya kafa a baki.

Fiiiit!

Kowa ya tsaya. Orest ya ja usur zai yi magana. Leɓe ya biyo shi. Ya sake ja. Leɓe ya sake biyowa.

Ya ce a ci gaba da wasa. Abin da ya fito: fiit.

'Yan wasa suka tsaya. Ya yi musu hannu su tafi. Suka tafi. Ya ja numfashi. Fiit. Suka tsaya.

"Me muka yi kuma?" in ji wani.

Fiit, fiit!

"Ni? Akurki? Me na yi?"

Fiiit!

Mutumin ya tafi akurkin horo, inda mai laifi ke zaman hukunci, yana ƙunƙuni. Duk wanda Orest ya nuna don a zo a taimake shi sai ya ɗauka kora ce. Kafin ka ce me, mutum tara sun cunkushe a akurkin da aka yi wa mutum biyu, fili ya rage gola biyu, da dattawa biyu a manne, da alƙali yana ta kuka kamar tsuntsu.

Nan Fada Myron ya ce shi dai Allah ya gani, kunnensa na hagu ya daina amsa sallama. Ya nufi ganga. Garin duka ya bi shi. Aka kifar da ita, kowa ya ɗauki hular da hannunsa ya faɗa a kai, aka ruga shagon kofi. Na fita da ta wata yarinya mai kunnen zomo, ban kuma ji kunya ba.

Stella ta fito da buta a hannu, ba ta gaggawa. Ta fara zuwa wurin dattawan ta zuba musu ruwan ɗumi a ƙafa. Suka fita ba safa, suna rungume da juna don kada su faɗi, suna ci gaba da zagin juna. Sannan ta zo gaban mijinta.

"Wasa ya watse, maigida?"

Fiit.

"A zango na nawa?"

Fiit. Fiit.

"Na biyu. Madalla, ba ka yi musu ba. Sunkuyo."

Ta tara tafin hannu a ƙarƙashin haɓarsa, ta tsiyaya ruwan a hankali. Usur ya saki ya faɗo cikin hannunta. Ta rufe hannun, ta zare igiyar ta kansa, ta rataya a wuyanta. Duk tagogin shago cike da fuskoki.

Orest ya ja jiki wurin Arvid, wanda shi kaɗai ya rage a benci da hularsa a kai, don shi baƙo ne. Da kumburarren leɓe ya ce, "Ranka ya daɗe, na san an ɗan samu tangarɗa. Amma ka ga yawan ci. Me za ka gaya musu a can sama?"

Arvid ya buɗe littafinsa. "Na ga goma sha ɗaya da ke buƙatar haƙoran gaba, uku kuma sai an yi musu duka baki. Kai naka da sauƙi, leɓe ne, ka shafa man kaɗanya." Ya miƙa masa kati. "Ina buɗewa Litinin zuwa Juma'a."

Orest ya karanta katin sau biyu. Sannan ya juyo a hankali ya dube ni, ni da kunnuwan zomo.

Ban kai ga gudu ba. Fiiiit! Stella ce, ta riƙe usur cikin hannun riga. Ta nuna ni, ta nuna akurki, ta ɗaga yatsa biyar. "Ba hula," in ji ta. Minti biyar na yi a ciki ni kaɗai da sanƙona, gari na kallona ta taga yana shan kofi. Hukuncinta na farko ke nan, kuma ba wanda ya nemi a duba bidiyo.

Litinin da safe na ɗauka Orest ba zai fito ba. Ƙarfe bakwai sai ga shi, leɓe kamar tsiran alade, ya ja kujerarsa ya zauna.

"Ci talatin da uku," in ji shi. "A zango ɗaya da ɗan guntu. Ku nuna min alƙalin da ya taɓa yin haka."

"Ka rasa usur dai," in ji Lorne.

"Rasawa? Kuna nan kuka gani da idonku. Ni na yarda in bayar, shi ne ya ƙi rabuwa da ni. Sai da aka sa ruwan zafi." Ya zaro ɗan littafinsa ya lashi fensir. "Yanzu doka ta huɗu. Wasan nan ya mu..."

Daga bayan kanta Stella ta ɗaga usur, sabon baƙin tef a bakinsa. Ba ta ma hura ba.

Orest ya maida littafin aljihu, ya ce a ƙaro masa sukari.